Veritasium: Tashar da Ke Fara Darasi Daga Kuskuren Mai Kallo

Daga ina bishiya take samo jikinta? Dubi darbejiyar ƙofar gidanku, wadda aka dasa tana kamar tsinken tsintsiya, yau ga ta mutum ba ya iya rungume ta. Wannan katako duka daga ina ya fito? Na sha yi wa mutane wannan tambaya, har da masu digiri, kuma kusan kowa amsa ɗaya yake bayarwa: daga ƙasa. Ni ma haka na ɗauka shekara da shekaru, alhali tun a sakandare na haddace yadda ganye ke haɗa abinci da hasken rana, na kuma ci jarrabawa a kai. Gaskiyar magana, mafi yawan nauyin busasshen itace daga iska ya fito. Ganye ne ke zuƙar iskar kabon, ya haɗa ta da ruwa da taimakon rana, ya gina gangar jiki da reshe da saiwa. Buhun gawayin da ake sayarwa a bakin titi, a da can a cikin iska yake yawo.

Ba a aji na gane wannan ba. A wani gajeren bidiyo na gane, inda wani saurayi riƙe da makirufo yake tare mutane a Ostireliya yana yi musu wannan tambaya. Suna ta ce masa ƙasa, ni ma ina gyaɗa kai, har zuwa lokacin da ya tambaye su me ya sa ba a ganin rami a gindin bishiya idan daga ƙasa ta kwashi jikinta. Sunan saurayin Derek Muller, tasharsa ta YouTube kuma Veritasium. Yau masu bin tashar sun haura miliyan 15, kuma a ganina tana cikin mafi ingancin abubuwan da intanet ta haifa wa masu son kimiyya, duk da ina da ƙorafi a kanta, zan kuma faɗe shi.

An haifi Muller a Ostireliya a 1982, ya girma a Vancouver ta ƙasar Kanada, ya yi digirin farko a Jami'ar Queen's, sannan ya koma Jami'ar Sydney ya yi digirin digirgir a kan koyar da fiziks. Ya fara sakin bidiyo a 2011. Sunan tashar haɗi ne na kalmar Latin mai nufin gaskiya da irin ƙarshen da ake yi wa sunayen sinadarai, wato dai sinadarin gaskiya. To amma abin da ya bambanta shi da sauran masu wannan sana'a yana cikin binciken da ya kammala a 2008, kuma wanda bai san labarin binciken ba zai yi ta kallon tashar bai gane dabarar da aka gina ta a kai ba.

Ga abin da ya yi. Ya ba ɗaliban shekarar farko na jami'a jarrabawa mai tambaya 26 a kan dokokin motsi na Newton. Matsakaicin makinsu ya tsaya a 6. Sai ya nuna musu bidiyon da ya yi bayanin dokokin dalla-dalla, a tsare, ba kuskure. Ɗaliban suka yaba, suka ce bayani ya fita, suka kuma ƙara samun tabbaci a zuciyarsu cewa sun iya. Da aka maimaita jarrabawar sai makin ya koma 6.3. Wato sun tashi a tutar babu, sai ƙarin yarda da kai. Wani rukunin kuwa aka nuna masa bidiyon da wani ke faɗin irin kuskuren da mutane suka saba yi, misali cewa idan ka jefa ƙwallo sama akwai ƙarfin hannunka da ke binta yana tura ta, sannan malami ya yi ta ja da shi har a warware. Waɗannan ɗaliban sun yi ƙorafin bidiyon ya ruɗa su, amma makinsu ya kai 11.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ɗalibi ba ya shiga ajin kimiyya da kai fayau kamar allon da aka wanke. Tun yana rarrafe yake jifa, yake faɗuwa, yake taɓa zafi da sanyi, ya riga ya yanke wa duniya hukunci. Idan malami ya zo da bayani mai santsi, sai ɗalibin ya ji kamar abin da ya sani ne ake maimaita masa, ya daina saurare. Sai an ciro tsohon rubutun an ɗora a gabansa, an nuna masa inda ya karkace, sannan sabon yake samun wurin zama. Duk malamin makaranta da ya taɓa gama darasi, ya ce an gane, aji ya amsa da ƙarfi, sannan ya ga abin takaici a takardun jarrabawa, ya san wannan ciwon.

Da wannan ma'auni aka ɗinka bidiyoyinsa na farko. Akwai wanda yake miƙa wa mutane littafi da wani abu na ƙarfe, ya ce wanne ya fi sanyi. Kowa ya ce ƙarfen. Sai ya auna a gabansu, a ga zafinsu ɗaya. Ya ɗora ƙanƙara a kan farantin alminiyom da na roba, ta fi saurin narkewa a kan wanda hannu ya ce ya fi sanyi. Ashe fata ba zafin abu take aunawa ba, saurin yadda abin ke janye zafin jikinka take ji. Tun da na ga wannan, duk asubar hunturu da na kama bokitin ƙarfe sai na tuna cewa shi da kujerar katakon da ke gefensa a sanyi ɗaya suka kwana.

Inda tashar ta fi burge ni, inda kuma halin mayun kimiyya na intanet ya fito fili, shi ne rikicin motar iska na 2021. Motar sunanta Blackbird, wani injiniya Rick Cavallaro da abokan aikinsa ne suka ƙera ta. Ba ta da inji, ba ta da batir, sai tayoyi da wata ƙatuwar farfela a baya. Da'awar masu ita ita ce tana iya bin iska kai tsaye, iskar na bayanta, ta kuma fi iskar gudu. Tun a 2010 aka auna ta tana gudu ninki 2.8 na saurin iska. Duk da haka mai hankali idan ya ji sai ya ce ƙarya ne, don ta yaya abin da iska ke turawa zai tsere wa iskar? Muller ya je busasshen tafkin El Mirage a Kalifoniya, ya shiga motar da kansa, aka ɗauke shi tana gudu har ƙyallen da aka ɗaura don nuna inda iska ta dosa ya juya yana kaɗawa baya.

Sai wani farfesan fiziks na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, Alexander Kusenko, ya ce bai yarda ba. Hujjojinsa kuma ba na wasa ba ne. Ya ce iska ba ta tafiya da sauri ɗaya, tana iya bugowa da ƙarfi ta cilla motar sannan ta lafa, a ga kamar motar ta wuce ta. Ya ce iskar da ke sama wajen farfela ta fi ta ƙasa wajen ƙyallen gudu. Ya kuma nuna wani wuri a lissafin da ya ga alamar matsala. Suka sa dala 10,000 a tsakani, aka rubuta yarjejeniya, fitattun masu yaɗa kimiyya irin su Neil deGrasse Tyson da Bill Nye suka zama shaidu. Zancen kuɗin bai kwanta mini ba, caca ce ko da wane suna aka kira ta, kuma gardamar za ta yi armashi ko babu ita. Amma abin da ya biyo baya ya cancanci a nuna wa kowane ɗalibi.

Muller bai tsaya cewa ai na gani da idona ba. Ya nemi wata injiniya mai tata tashar, Xyla Foxlin, ta ƙera ƙaramin samfurin motar, aka ɗora shi a kan injin motsa jikin nan mai shimfiɗar da ke gudu a ƙarƙashin ƙafa, a cikin ɗaki inda babu iskar da za a ce ta bugo. Samfurin ya riƙa cin gaba yana haura shimfiɗar. Ya kuma kawo wani ɗan keke mai tayoyi manya da ƙanana, ya tura shi da katako daga sama, keken ya riƙa wuce katakon da ke tura shi. Sirrin dai shi ne farfelar ba iska ke juya ta ba kamar yadda ido ke zato. Tayoyi ne ke juya ta, ita kuma ta tunkuɗa iska baya kamar fanka. A ce iska na gudun kilomita 10 a awa, motar na gudun 20. Ƙasa na wucewa a ƙarƙashin tayoyi da saurin 20, amma iskar da farfela ke turawa da saurin 10 kawai take wuce motar. Wannan bambanci shi ne ribar: ɗan jan da tayoyi suka yi wa ƙasa yana samar da ƙarfin da ya isa a tura iska da abin da ya fi shi. Ba a ƙirƙiri ƙarfi daga babu ba, iskar ce ake rage wa gudu a bayan motar, abin da ta rasa shi motar ta samu. Farfesa Kusenko ya duba, ya amince, ya biya. Na girmama shi a kan wannan fiye da yadda na girmama wanda ya ci. Mu da muka saba ganin muƙabala ta tashi kowane ɓangare na cewa shi ya yi nasara, mabiya kuma su kwashe wata guda suna zagin juna, akwai abin dubawa a wurin babban malamin da ya amince ya faɗi, ya kuma biya.

Bayan 'yan watanni sai reshe ya juya da mujiya. A Nuwamban 2021 Muller ya saki bidiyo a kan abin da ya kira babban kuskuren da ake yi game da lantarki. Farkonsa gwanin kyau. Yawancinmu muna ɗauka lantarki kamar ruwan famfo ne, ƙwayoyin ilektron na tasowa daga tashar wuta su biyo waya su shigo ɗaki su sauke kayansu a ƙwan fitila. Alhali tafiyarsu a cikin waya ba ta kai milimita ɗaya a sakan ba, kuma a irin wutar gidajenmu gaba da baya kawai suke yi, sau 50 a sakan. Ƙari a kan haka, a cikin yawancin taransifoma wayar da ta shigo ba ta haɗe da wadda ta fita ba. Ke nan babu ƙwayar ilektron ɗaya da ta taso daga Kainji ko Shiroro ta iso gidanka. Ƙarfin yana tafiya ne ta cikin wani yanayi na lantarki da maganaɗisu da ke kewaye da wayar, wanda ido ba ya gani, kamar yadda John Henry Poynting ya lissafa tun 1884.

Daga nan ya kawo wasa ƙwaƙwalwa. Ga batir da makunni, ga ƙwan fitila mita ɗaya a gabansu, amma wayoyi biyun da suka haɗa su kowace tsawonta kilomita 300,000, tazarar da haske ke ci a sakan guda, ta miƙa can sararin samaniya ta dawo. Idan aka danna makunni, yaushe fitilar za ta kama? Kowa zai ce bayan sakan ɗaya. Shi ya ce kusan nan take, gwargwadon lokacin da haske zai tsallaka mita ɗayan nan, wajen kashi 3 cikin biliyan na sakan.

Nan fa injiniyoyin lantarki na intanet suka yi masa ca. Mehdi Sadaghdar na tashar ElectroBOOM ya yi raddi, Dave Jones na EEVblog ya yi nasa. Wanda ya fi burge ni shi ne Brian Haidet na tashar AlphaPhoenix, wanda bai tsaya surutu ba, ya sayi wayar lantarki mita 1,000 ya shimfiɗa a fili ya auna. Abin da ya samu ya raba gardamar biyu: lallai akwai ɗan lantarki da ke bayyana nan take, amma kaɗan ne, cikakken ƙarfin sai saƙon ya zagaya wayar ya dawo. A nan ina tare da masu sukar. Bidiyon farko ya bar mai kallo da zaton fitila za ta haska tar nan take, ya kuma sa wasu suka tafi da tunanin waya ba ta da wani amfani. Mutumin da ya yi digirin digirgir a kan yadda ake cire kuskure daga kan ɗalibi, sai ga shi ya cire ɗaya ya dasa wani. A Afrilun 2022 ya dawo da bidiyo na biyu, ya yarda bayaninsa na farko ya gaza, ya ambaci masu sukarsa, ya haɗa nasa gwajin, ya kuma yi bayanin rawar da cajin da ke taruwa a fatar waya ke takawa, abin da ya tsallake a baya. Na biyun ya fi na farko nesa ba kusa ba, kuma ba don an matsa masa ba da ba a same shi ba.

Wannan shi ne abin da nake so a al'adar mayun kimiyya na intanet idan ta yi kyau. Mutane ne masu bin ƙwaƙƙwafi, waɗanda ƙaramar tambaya ke hana su barci, waɗanda za su kashe kuɗin aljihunsu da hutun ƙarshen mako a kan abin da ba zai ƙara musu ko sisi a albashi ba. Suna da nasu aibin, akwai girman kai, akwai raina wanda bai sani ba, akwai son a ce ni na fara gano kuskuren. Amma a rikicin nan biyu an ga abin da littafin makaranta ba ya iya nunawa, wato yadda ilimi ke dahuwa kafin a zuba shi a littafi. Ɗalibi yana ganin dokar kimiyya a shafi kamar daga sama ta faɗo, bai san an yi shekaru ana ja-in-ja kafin ta zauna ba.

Sauran ƙorafina biyu ne. Na farko kanun bidiyo. Muller bai ɓoye ba, ya yi bidiyo guda a 2021 yana bayanin yadda take da hoton bango ke yanke wa aiki hukunci, da yadda yake canza su bayan ya saki bidiyo har ya dace da wanda mutane suka fi dannawa. Ya ba da misalin ƙwallon kwandon da aka jefo daga saman madatsar ruwan Gordon a Tasmaniya tana juyawa, ta yi ta shawagi nesa. Da ya sa wa bidiyon suna irin na aji, ba a kula shi sosai ba. Na fahimci uzurinsa, mai talla dole ya ɗaga murya a kasuwa. To amma kanun da ke cewa duk abin da aka koya maka kuskure ne yana da illa ga yaron da bai riga ya koyi abin ba, yana iya sa shi raina malaminsa na aji a kan abin da malamin ya sauƙaƙa da gangan. Na biyu kuɗin talla. A 2021 ya yi bidiyo yana yabon motoci marasa direba, kamfanin Waymo mai irin waɗannan motoci ne kuma ya ɗauki nauyi. Ya bayyana hakan, bai ɓoye ba, amma wani mai sharhi ɗan Birtaniya, Tom Nicholas, ya yi dogon raddi a kai, kuma tambayar da ya tayar tana nan daram: wanda ya sa wa tasharsa sunan gaskiya, yaya za a yi ya auna kayan wanda ya biya shi da mudu ɗaya da na kowa?

A 'yan shekarun nan tashar ta sauya kama. Tare mutane a titi ya ragu, dogayen labaran tarihin kimiyya sun ƙaru, da zane mai motsi da ma'aikata da yawa a bayan fage. Wasu daga ciki ba na gajiya da su. Akwai labarin Shuji Nakamura, injiniyan wani ƙaramin kamfani a Japan mai suna Nichia, wanda ya fito da shuɗin ƙwan LED mai haske a 1993 bayan manyan kamfanoni sun gaza, kamfanin ya ba shi tukuicin yen 20,000, ya kuma samu kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. Farin hasken tocilan ɗin mai shayi da fitilar sola da yara ke karatu da ita a ƙauye, shuɗin ƙwan nan ne aka lulluɓe da wani sinadari mai ba da ruwan ɗorawa. Akwai kuma na Fritz Haber, Bajamushen da ya gano yadda ake kamo naitirojin daga iska a yi amoniya, tushen takin yuriya da manomanmu ke nema kowace damina, wanda kuma shi ne ya jagoranci amfani da iskar guba ta kulorin a Ypres a 1915. An ba da labarin ba tare da an wanke shi ko an mayar da shi dodo ba. Sai dai a nan binciken Muller na 2008 yana nuna shi da yatsa. Waɗannan bidiyoyi suna da santsi, suna da daɗin kallo, mutum ya gama ya ji kansa ya cika, kuma wannan jin shi ne ainihin abin da ya gargaɗe mu a kai. Na gwada kaina: kwana biyu bayan kallon na Nakamura, labarin mutumin na nan a kaina tsaf, amma bayanin dalilin da ya sa shuɗi ya fi ja wahalar samu sai da na koma na sake bi da biro da takarda.

Tashar da Turanci take, kuma bidiyon rabin awa yana cin data, wannan kaɗai ya isa ya rufe wa da yawa daga cikin yaranmu ƙofa. Amma dabarar ba ta Turanci ba ce, ba ta kuma buƙatar kyamarar miliyoyi. Tambayar bishiya da gawayi, tambayar bokiti da kujera, dalilin da ya sa ruwan randa ya fi na jarka sanyi, duk ana iya yin su da Hausa a tsakar gida da wayar hannu. Ina kira ga malaman kimiyya na sakandare da matasanmu masu ɗora bidiyo a Facebook da TikTok da YouTube: ku nemi bidiyo biyun nan na motar iska da biyun nan na lantarki, ku kalle su a jere, har da raddin da aka yi a tsakani. Kafin kowace amsa ta fito ku tsayar da bidiyon, ku rubuta abin da kuke zato a takarda. Sannan ranar da za ku shiga aji ko ku kunna kyamara, ku fara tambayar yaran abin da suka ɗauka tun kafin ku faɗa musu komai.